Na biya gareji kuɗin gyara, mota ta faɗi gwajin lafiya, yanzu wai laifin na'ura ne

Abban_Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema tun kafin zuciya ta ɗebe ni. Takardun motata sun ƙare ƙarshen watan jiya, Corolla ce 2006, to da yake birkinta ya fara ƙara kuma gaban yana ɗan kaɗawa in na hau titin Kaduna sai nace bari in fara kaita gareji kafin gwajin lafiyar mota. Na kai wa wani bakanike a Sabon Garin Zariya, shekara uku kenan shi ke taɓa min ita, na gaya masa ƙarara cewa gwaji zata je, duk abin da zai kayar da ita ya duba ya gyara. Ta kwana biyu a wurinsa, ya lissafo birkin gaba, bol-joyin biyu (gaɓar da ke riƙe ƙafar mota ta gaba), tayrod, alaimen da tayoyin gaba guda biyu, duka har kuɗin aiki dubu 186, na tura masa ta banki. Ranar Talata na kaita gwaji ta faɗi. Takardar da aka bani ta nuna birkin gaba baya kamawa daidai, hagu yafi dama ƙarfi, bol-joyin na dama yana wasa, taya ɗaya kuma ta tsufa. Wato abubuwan da na biya kuɗinsu su ne dai suka kayar da ita. Da na koma masa buɗar bakinsa sai yace na'urar masu gwajin ce ba saiti, wai in kawo dubu 15 yana da yaron da zai fito min da takarda ba sai motar ta sake zuwa ba. Wallahi raina ya ɓaci matuƙa. Ofishin 'yan sanda zan kai shi ko yaya zan yi?

DanKwangila: Wa alaikumus salam. Tambaya ɗaya Alhaji, tsofaffin kayan da ya cire ya baka su?

Abban_Sadiq: Bai bani ba, nima ban tambaya ba gaskiya, na yarda da shi ne kawai.

DanKwangila: To nan aka cuce ka. Ni ko fulogi aka canza min sai an sa min tsohon a leda na jefa a but.

Maman_Ilham: Innalillahi, dubu 186 a wannan marrar. Allah ya saka maka Abban Sadiq. Ni dai abin da zan ce kar ka kuskura ka karɓi maganar takardar bayan fage ɗin nan, yaranka ne zasu shiga motar ba yaransa ba.

Usta_Muchia: Jama'a ni bakanike ne, shekarata 19 a sana'ar nan, kuma ba kare shi zan yi ba tunda ban san shi ba, amma ku bari mu rarrabe maganar gida uku don ba duka ne lallai ha'inci ba. Maganar birki, mutum zai iya sa maka sabon fad dal na kwali kuma mota ta faɗi gwaji, saboda in fistin ɗin kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki) ya cije ko ƙusoshin da kalifar ke zamewa a kansu sun bushe da tsatsa to gefen nan ba zai matse faifan da ƙarfi ba ko wane irin fad ka sa, shi yasa hagu take fin dama. Haka in tiyon man birkin ya kumbura ta ciki ko akwai iska a layin ba a fitar ba. Wannan sakaci ne, don wanda aka ce wa mota gwaji zata je ya kamata ya kwance kalifar ya wanke ya sa giris, amma ba sata bace. Bol-joyin kuwa wata magana ce daban, sabon bol-joyin baya wasa cikin kwana huɗu sai dai in ba a canza ba ko kuma an sa na jabu mafi araha a kasuwa. Taya kuma ka je ka duba da idonka yanzu, a jikinta akwai rubutu DOT, a ƙarshensa lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara. Karanto mana.

Abban_Sadiq: Usta na gode, na fita na duba da tocilan waya. Ta hagu 3423, ta dama 1118.

Usta_Muchia: To ka gani. Ta hagu sati na 34 na 2023 aka yi ta, ta dama sati na 11 na 2018. Ba ma tare aka haife su ba. A matsayin sabbi ya sayar maka ko Beljiyam kuka yi da shi?

Abban_Sadiq: Sabbi yace, kuɗin sabbi kuma na biya. Suna ta ƙyalli da na karɓi motar.

Bakano_a_Samaru: Ƙyalli ai man goge taya ne Alhaji, na ɗari biyu ya isa. Oh ni, Zagezagi an iya lissafi a jami'a amma lamba huɗu a jikin taya ta gagara. Da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka zo da mun zaɓa maka da kanmu.

Yarima_Tudunwada: Kai Bakano rufa mana baki, rabin jabun da ke yawo a garin nan daga ina ake loda shi in ba daga wajenku ba.

Bakano_a_Samaru: Mu muna sayarwa ne, ku kuke saye ido rufe.

Hajiya_Hanwa: Ku dai kun fara wasan naku, bawan Allah na cikin damuwa. Ni tambayata ga Usta, shin taya tana lalacewa ne ko ba a hau ta ba? Don akwai safaya a motar maigidana tun da aka sayo motar ba a taɓa sa ta ba.

Usta_Muchia: Hajiya tana lalacewa mana, roba ce, tana bushewa tana tsattsagewa a gefe ko a shago take ajiye, balle a zafin nan namu na watan Afrilu. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke cewa daga ranar da aka yi ta. Masu ƙera tayar da yawa suna bada tsawon da ya fi haka in an adana ta da kyau, amma su ma sukan ce in ta kai shekara goma a cire ko zanenta bai cinye ba. A ce wa Alhaji ya duba safayar nan.

Barista_Kongo: Abban Sadiq game da 'yan sanda, bari in faɗa maka gaskiya don kar ka ɓata kuɗin mai. In dai maganar ita ce na biya aiki ba a yi shi da kyau ba, wannan saɓa alkawari ne tsakanin mutum biyu, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan irin wannan kawai. Inda abin ke canza fuska shine in ka tabbatar ya karɓi kuɗin sabon kaya ya bar tsohon a jiki yana sane, wannan zamba ce kuma laifi ne. Kaga kenan komai ya rataya a kan hujja. Abin da zaka yi yau ɗin nan, ka ɗauki hoton takardar gwajin, hoton lambar tayoyin biyu, ka ajiye shaidar tura kuɗin, in akwai saƙon WhatsApp da ya lissafo kayan kar ka goge. Sannan abu mafi muhimmanci, kar ka bari kowa ya sa sifana a ƙafar motar nan sai a gaban shaidu, in ka kai wa wani bakanike ya kwance a bayan idonsa cewa zai yi can aka musanya. In sulhu ya ƙi akwai kotun majistare, akwai kotun shari'a, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya FCCPC da ke karɓar ƙorafi.

DanKwangila: Barista kotu a kan dubu 186? Kafin a gama ɗage zama kuɗin sun ƙare a mai da fotokwafi.

Barista_Kongo: Shi yasa na sa ta a ƙarshe ai. Amma sammaci kaɗai yakan sa mutum ya tuna inda ya ajiye kuɗi.

Sarkin_Gudu: Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba, ba kotu ta soke VIO, jami'an duba lafiyar mota, ba tun 2024? Wace takardar lafiya kuma ake nema.

Barista_Kongo: Ba haka bane ɗan uwa, mutane sun ji kanun labari ne kawai. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ce a watan Oktoba 2024 ta ce VIO na Abuja basu da hurumin tsare mota a hanya su kwace ko su ci tara. Ba ta ce a daina gwajin lafiyar mota ba, kuma mu nan jihar Kaduna KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jiha, da dokar jiha aka kafa ta. Ka fita da takarda matacciya ka ce musu kotun Abuja, sai ka dawo ka bamu labari.

Sarkin_Gudu: To na ji, amma tsakani da Allah mutum nawa ne a zauren nan aka taɓa duba motarsu kafin a basu takardar? Yawancinmu kuɗi muke ba wani ya je ya dawo da fatikula cikakke, mota tana gida a fake. Shi Abban Sadiq tsoron Allah ne ya kai shi ya jawo wa kansa.

Direban_Funtua: Sarkin Gudu kar ka ƙara faɗin haka dan Allah. Ni Sharon nake ja Zariya zuwa Funtua kullum, mu na haya duk wata shida ake sabunta tamu ba shekara ba kamar ta masu motar gida, kuma da ni ma ina cikin masu cewa ɓata lokaci ne. Shekara uku da suka wuce bol-joyin ya tsinke min bayan Giwa da fasinja cike, ƙafar gaba ta kwanta gefe kamar raƙumi ya durƙusa, motar ta ja mu har cikin gonar dawa, Allah ne kawai ya tsare don ba gudu nake ba saboda ramuka, wata tsohuwa ta karye a hannu. Kuma wallahi sati biyu kafin nan na ji tana ƙwas ƙwas in na taka gargada nace sai na tara kuɗi. Takardata kuwa lafiya lau take a aljihu, sabuwa fil, ba ta riƙe ƙafar ba. Birkin da gefe ɗaya ya fi kamawa ma ba abin wasa bane, ranar da akuya ta gilma maka a Kwangila ka take shi da ƙarfi motar gefen da ya fi kamawa zata fizge, in hagu ne kuwa cikin masu tahowa kenan. Abban Sadiq masu gwajin nan taimakonka suka yi.

Maman_Ilham: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Malam Direba.

Malam_Gyallesu: Bari in ɗan sa baki ta fuskar addini tunda duka su biyun musulmi ne ina zato. A mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a da ya buɗe wuri yana karɓar aikin jama'a, tela ne ko maƙeri ko bakanike, yana lamunin abin da aka bar masa ya tafi da shi bayan idon mai shi, wannan yana nan a Risala duk wanda ya yi zaure ya wuce ta wurin. Sayar da tsohuwar taya da sunan sabuwa kuwa algus ne, mai saye yana da zaɓin mayarwa saboda aibi. Amma ina ba Alhaji shawara ya fara da sulhu, shekara uku kuna tare, ka samu babba a garejin ku zauna. Ita kuma dubu 15 ɗin takardar bayan fage, wanda ya bayar da wanda ya karɓa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Usta_Muchia: Allah ya gafarta Malam haka ne. Kuma kusan kowane gareji babba a garin nan yana da ciyaman, da yawa kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar kanikawa ta ƙasa NATA. Mu abin da bakanike ya fi tsoro ba ɗan sanda bane, a tara shi gaban 'yan uwansa a kwance aikinsa a ga tsohon kaya, wannan kunyar har yaransa sai sun ji ta. Ka je wurin ciyaman da safe kafin wuri ya cika, ka yi magana a hankali, ka ce so kake a buɗe ƙafar dama a gaban kowa.

Yarima_Tudunwada: Usta ai ku baku cin naman junanku. Ni na taɓa kai ƙarar wani mai gyaran giya wurin ciyaman ɗinsu, ashe ubangidansa ne da ya koya masa aiki, sai haƙuri aka yi ta bani har magariba na tashi ba ko sisi.

Usta_Muchia: Yakan faru, ba zan musa ba. Shi yasa zai je da nasa bakaniken da ba ɗan garejin ba, da kuma mutum ɗaya mai furfura.

Injiniya_Palladan: Ni ina da ɗan saɓani da masu cewa a riƙa sayo kaya da kai a kai wa bakanike, na ga DanKwangila zai kai maganar can. In kai ka sayo kuma ya zama jabu to ka wanke shi tas, cewa zai yi kayanka ne. Abin da nake yi shine mu je shagon tare, shi ya zaɓa ni in biya mai shago hannu da hannu a rubuta min rasit da sunan kayan, in dawo in zauna a benci har a ɗaura. Yini guda ne zaka rasa. Sannan Abban Sadiq ka duba takardar gwajin ko ka koma ka tambaye su kwana nawa suke bayarwa a gyara a dawo, da ko sai an sake biya, kar ka tsaya rigima da gareji wa'adi ya wuce ka.

DanKwangila: Injiniya ba kowa ke da yinin zama a benci ba, wasunmu ma'aikata ne.

Injiniya_Palladan: Asabar fa?

Hajiya_Hanwa: Tunda ana maganar masu fito da takarda, ku yi hattara da inshora ma. Tun Janairu 2023 ta motar gida ta koma dubu 15 daga dubu 5, amma har yanzu akwai masu cewa zasu yi maka a dubu 4 ko 5. Ƙanina haka aka yi masa, sai da ya sa lambar motar a shafin tantance inshora na NIID ya ga babu ita sam, takarda ce kawai aka buga a shagon kwamfuta.

Bakano_a_Samaru: Araha bata ado Hajiya.

Sarkin_Gudu: Ni dai har yanzu ina nan a kan bakata, ita ma na'urar mutum ne ya saita ta, ba wahayi bace. Kun yanke wa bakanike hukunci ba ku ji ta bakinsa ba.

Usta_Muchia: Na'ura tana iya kuskure a birki, na yarda, ko taya ɗaya ta fi ɗaya iska ko tana da jiƙa lissafin yakan ɗan motsa. Amma 1118 ba na'ura ce ta rubuta ba.

Abban_Sadiq: Salam jama'a, ga yadda aka yi. Jiya Asabar na je da yayan matata da wani bakanike daga Tudun Wada da abokin aikina ya haɗa ni da shi, muka samu ciyaman ɗin, dattijo ne mai kirki gaskiya, ya sa aka ɗaga motar a jak a gaban kowa. Ƙafar hagu bol-joyin sabo ne ba shakka. Ta dama da aka kwance sai ga tsohon nawa, an wanke shi da fetur an sa masa sabuwar roba, da hannu ma kana girgiza shi yana lilo. Fad ɗin birki sababbi ne duka biyun kamar yadda Usta ya hasasho, kalifar dama ce ta cije sai da aka sa guduma. Wurin ya yi tsit. Shi kuma sai ya juya kan yaronsa wai shi ya bar wa aikin ya tafi ɗaurin aure Soba, yaron yana ta rantsuwa cewa guda ɗaya aka bashi. Ciyaman yace wannan tsakaninsu ne, ni dai a sa min sabo yau a gyara kalifa ba tare da na ƙara ko kwabo ba, kuma an yi, ina zaune a benci Injiniya. Inda aka tsaya shine taya, yace shi ma haka mai shago ya bashi bai duba lamba ba, mai shagon kuma da aka kira shi a waya yace taya da ta taka ƙasa bata dawowa. Kuɗin sake gwaji ma yace ba zai biya ba. An ce in dawo Laraba.

Maman_Ilham: Alhamdulillah ko ba komai gaskiya ta fito. Amma yaron nan ya bani tausayi wallahi, ƙila shi za a kora a banza.

Direban_Funtua: Kar ka hau titin Kaduna da tayar nan kafin Laraba dai. Sa safaya a gurbinta in tana da kyau.

Barista_Kongo: Taya ba ruwanka da mai shago, ba shi ka tura wa kuɗi ba. Wanda ya karɓi kuɗinka shi zai canza maka, ya je ya ƙarata da mai shagonsa. Kuma abin da aka yanke jiya a rubuta shi ko a takardar makaranta ce, ciyaman ya sa hannu.

Malam_Gyallesu: Barista ya yi daidai a kan taya. Kuɗin sake gwajin ne nake ganin in Alhaji ya yafe ba laifi, don a rabu lafiya.

Yarima_Tudunwada: A yafe me Malam, mutumin da ya wanke tsohon ƙarfe da fetur ya sa maka a motar da kake ɗaukar iyali? Ni da ni ne har kuɗin man da na ƙona sai ya biya.

Sarkin_Gudu: To na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Usta_Muchia: Alhaji in an kawo tayar ranar Laraba ka karanta lambar tun tana ƙasa kafin mai faci ya ɗaura. Kuma tunda an kwance ƙafar dama sai an sake alaimen, kar su ce maka na ranar nan ya wadatar.

Hajiya_Hanwa: Usta na sa an duba safayar tamu, 4012 aka gani. Wato shekarar 2012 kenan ko na karanta ba daidai ba?